Shekarar da Kawu Ya Tsaya Takara

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon hedimasta ne a Kiyawa. Ko shugabancin kwamitin masallaci bai taɓa nema ba. Sai ga shi wata shekarar zaɓe ya tara mu a zaurensa bayan la'asar, wai zai tsaya takarar majalisar jiha a wata jam'iyyar da ba wanda ya taɓa jin sunanta.

"Ni ba yaron kowa ba ne," in ji shi. "Talakawa ne suka matsa min."

Har yau ban ga talakawan nan ba.

Lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Dutse, kuma a wurinmu aka buga fastocinsa. Wanda ya kawo aikin wani ƙato ne mai ƙamshin turare, shi ne dai ya kawo mana aikin jam'iyya mai mulki sati guda kafin nan. Ko motar bai sauya ba.

Nan na gane dawan garin. 'Yan adawa sun tsayar da wani malamin gona da jama'a ke so, ƙarfinsa kuwa a yankinmu yake. To a yankin nan, rabin magidanta Kawu ne ya koya musu karatu. Wa zai iya kallon idonsa ya ce masa a'a?

Na hau babur na same shi a gida.

"Kawu, kun san wanda ya ɗauki nauyin fastocinku kuwa?"

Bai ko ɗago daga rediyonsa ba. "Kai, kaza tana tambayar wanda ya watsa tsaba?"

Ashe ni ne baƙo a zancen.

Ya zaga ƙauyuka da lasifika a kan a-daidaita-sahu. Masu mulki ko sau ɗaya bai taɓa su ba. Malamin gona kuwa ya sha suka, har hular kansa sai da aka kushe.

Ranar zaɓe zan fita, Inna ta tare ni a bakin ƙofa. "Naka sai naka. Kada ka kunyata ni wurin ɗan'uwana."

Na shiga rumfa da niyyar malamin gona, na fito na dangwala wa Kawu. Ni da na ga ƙaton da idona. Don haka in ina zagin waɗanda aka yi wa wayo, da kaina nake farawa.

Malamin gona ya faɗi da 'yar ƙanƙanuwar rata. Ƙuri'un Kawu da sun ishe shi har da ragowa.

Ofishin jam'iyyar Kawu bai yi wata guda ba ya koma shagon abincin kaji. Kawu kuma aka ba shi kujerar Makka, ya dawo da haƙorin zinare, ya ce rabo ne daga Allah. Yanzu in an zauna a majalisa ana kukan tsadar taki, muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi.