Jakin Kaka da Katangar Baffa

Duk lokacin da na ji ƙanshin ƙasar gini da aka kwaɓa, sai kakana ya faɗo mini a rai, shi da jakinsa.

A ƙauyenmu, can kusa da Ba'awa, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, ba a aza tubali sai Kaka ya zo awo. Shi ba mai unguwa ba, tsufa kawai ya ba shi wannan sarauta. Kuma ba ya awo da igiya. Sai ya ɗaura wa jakinsa damin dawa biyu, dama da hagu, ya kora shi tsakanin shatin ginin da gidan maƙwabci. In dami ya gogi wani abu, to a ja baya. Shi ya sa kowane lungu namu yana ɓullewa wani lungun, ba inda za ka shiga ka dawo da baya.

Wani rani, Baffa, ƙanen mahaifina kuma ɗan lelen Kaka, ya tashi ƙara ɗaki. Ya bari sai da tsohon ya tafi Kwanar Dangora, sannan ya ci lungun bayan gidanmu da taku biyu. Katanga ta kai gwiwa Kaka ya dawo. Sai ya ɗaura wa jaki damin dawa biyu, ya koro shi. Jaki ya maƙale, ba gaba ba baya, sai kuka yake mana.

Baffa ya ce, "Haba Baba, wa ke bin nan da dami?"

Kaka ya ce, "Yo dawa nake aunawa? Faɗin makara ne da masu ɗaukarta. Ko ta kan katangarka za a miƙa mu?"

Da hannunsa Baffa ya rushe ta, yana gumi yana gunaguni, mu kuwa dariya har da faɗuwa. Damina biyu bayan nan, makarar farko da ta bi lungun ta Kaka ce, Baffa na riƙe da gaba. Ba ta gogi komai ba.

Ina kewar tsohon nan. Yau ina zaune a sabuwar unguwa a bayan Kano, inda bara gona ce, bana gidaje. Layinmu ba ya ɓullewa ko'ina. Maƙwabcina na baya katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma zuwa ƙofarsa sai na fita titi na zagayo. Da ya rasu, sai ranar sadakar uku na ji.