Ranar da Muka Ajiye Inna a Bakin Hanya

Safiyar Litinin ina tsakar gida ina daka yajin agashe. Sana'ata ke nan a Khartum, in yanka nama fale-fale, in barbaɗe shi da ƙuli da yaji, in gasa a bakin titi. Mako biyar ban hura wuta ba saboda yaƙi, amma hannun da ya saba aiki ba ya iya zama. Inna tana zaune a kan angarebunta, gadon nan na katako da igiya, tana shan shayi ba madara tana yi mini faɗa wai na cika gishiri. Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Yaya Usman yana zaure yana taka keken ɗinki.

Mu Hausawa ne. Kakanninmu sun taso da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Unguwarmu tana kudancin birni, kuma har ranar yaƙin bai shigo mana ba. Daga arewa muke jin sa, dim, dim, kamar ana kirɓin daddawa a gidan maƙwabta. Matanmu da yara mun riga mun tura su Gadarif. Ni da Yaya muka tsaya saboda Inna. Ƙafafunta ba sa ɗaukar ta, maganin sukarinta kuma ya ƙare kwana tara.

Ƙarfe tara ƙanwarmu Zainabu ta kira daga Jidda, inda take aure. Tana ta murna. Ta ce halas, magana ta ƙare, an sa hannu. Ɓangarorin biyu sun zauna a nan garinsu, Saudiyawa da Amurkawa suna tsakiya, za a tsagaita wuta kwana bakwai. Har an ce Amurkawan za su sa ido daga sama, wanda ya saɓa za a gan shi. Yaya ya taɓe baki, ya ce wannan ita ce ta nawa. Ni kuwa na yarda. Na ce waɗancan ta rediyo aka yi su, wannan a Jidda aka yi ta, ƙofar Makka. Wane Musulmi ne zai sa hannu a can ya dawo ya ci amana? Haka na faɗa, da bakina.

Talata bayan sallar asuba na kai wa Inna ruwan alwala, na tarar ta cika. Hannunta bai gama yin sanyi ba.

Ƙarfe bakwai matan maƙwabta biyu suka yi mata wanka. Yaya ya ɗinka likkafanin da kansa. Gari shiru. Karon farko cikin mako biyar na ji kukan kurciya. Malam Haruna, limaminmu, ya ce a haƙa mata a tsakar gida kamar yadda kowa yake yi yanzu, in an samu lafiya sai a san abin yi. Yaya ya goyi bayansa. Ni na kafe. Inna ta sha faɗa mana kusa da kabarin Baba take so, har gurbin ta nuna mana. Na ce uwata ba kaza ba ce da za a binne ta kusa da murhu. Na ce ga shi an tsagaita, me kuma muke jira? Ina da baki, kuma in na hau dokin zuciya ba mai sauke ni. Suka gaji suka bar ni.

Ƙarfe goma saura kwata muka yi mata salla a ƙofar gida, mu bakwai. Muka ɗora ta a kan angarebunta, don a can da shi ake kai mamaci, muka rufa mata bargo. Ni da Yaya a gaba, Malam Haruna da maƙwabcinmu Abdu a baya. Sauran ukun suka raka mu zuwa ƙarshen layi suka juya. Maƙabarta tafiyar rabin sa'a ce. Inna ba ta da nauyi, ciwo ya cinye ta.

Muka wuce kasuwa, duk a rufe. Muka wuce makaranta. Ba abin da nake ji sai ƙarar igiyar gadon da takunmu. Har na fara cewa a raina, kun gani.

Goma da minti goma muka fito babban titi. A gaban wani gidan burodi mota tana tsaye da babbar bindiga a bayanta. Jiya ba ta nan. Samari biyar cikin kaki, kawunansu a naɗe.

"Tsaya! Ku ajiye!"

Muka ajiye. Malam ya ce gawa ce. Daga baya na ji wai ana ɓoye makamai a cikin makara, shi ya sa. A lokacin ban sani ba. Ɗaya ya matso, yaro ne, ko gemu bai yi ba. Ya sa bakin bindiga ya yaye bargon. Na daure. Ya sa bakin bindigar a kan likkafanin, daidai fuskarta, zai ɗaga.

Ban san lokacin da na doke bindigar ba.

Yaya ya faɗo tsakaninmu da hannuwansa a sama. Ƙara ɗaya na ji, tas. Ya zauna a ƙasa kamar wanda aka janye wa kujera. Cinyarsa ta hagu. Jinin yana tsalle. Yaron ya juyo da bindigar kaina, na ga ramin bakinta. Sai ga rugugin jirgin yaƙi daga gabas.

"Jirgi! Ku hau! Yalla!"

Suka manta da mu. Babbar bindigar ta fara amai sama, kwanson harsashi yana zuba a kan kwalta. Wani abu ya faɗi bayan gidan burodin, ƙasa ta girgiza, ƙura ta rufe mu. Kunnena ya toshe. Da ƙurar ta lafa motar ta ja gaba zuwa mahaɗar hanya, tana harbi. Abdu ya cire rawaninsa ya ɗaure cinyar Yaya. Muka gwada ɗaga shi, ya yi ƙara ya sume. Yaya ƙato ne, kuma ƙashin ya karye. Gado ɗaya gare mu.

Malam Haruna ya dube ni. "Mai rai, Adamu."

Ni na ɗauke ta. Ban bar kowa ya taɓa ta ba. Na kwantar da ita a gindin bangon gidan burodin, a kan damanta, fuskarta ga alƙibla. Na rufa mata bargon, na danne gefensa da bulo biyu saboda iska. Na ce, Inna, yanzu zan dawo. Muka ɗora Yaya a inda ta tashi, muka ruga.

Sha ɗaya da rabi muka isa gidan wani ma'aikacin jinya a bayan kasuwa. Ya tsayar da jinin, ya ce ƙafar ta fi ƙarfinsa, sai asibiti, kuma asibitocin Khartum sun daina aiki, sai a garin Madani. Na bar su na koma. Ban kai makaranta ba harsashi ya tsaga bango a saman kaina. Na kwanta a kwata. Na sake gwadawa ta bayan masallaci da azahar, na tarar motoci uku sun tare layin. Ƙarfe uku na gwada na uku. Daga kan wata katanga na hango gidan burodin, hayaƙi ya rufe gindinsa. Ban ga bargon ba, ban kuma ga babu shi ba.

Kafin la'asar masu bindigar sun shigo unguwa. Ana dukan ƙofofi. "Ku fita! Ku fita!" Mutane suna gudu da katifu a ka. Abdu ya samo wata babbar mota mai ɗaukar albasa za ta kudu. Ya ce ko in hau ko Yaya ya mutu a hannuna. Muka ɗora Yaya, na hau. Ko gida ban koma ba, fasfona ma yana aljihuna ne don tun farkon yaƙi da shi nake kwana.

Shinge tara muka wuce kafin Madani. A kowanne sai an sauke mu an duba tafin hannu da kafaɗa, ko mun taɓa riƙe bindiga. Washegari aka yanke ƙafar Yaya daga sama da gwiwa. Da ya farfaɗo ya tambaye ni ko na ci abinci. Har yau bai ce mini kai ka jawo ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na kai shi Gadarif wurin iyalinsa. Wata huɗu ina neman wanda ya bi ta titin nan. Wani ya ce wasu samari masu safar hannu sun kwashe gawawwaki sun haɗa su rami ɗaya. Wani ya ce ba wanda ya kwashe kowa. Sauran abin da ake faɗa ba na tsayawa in ji.

Daga Sawakin na hau jirgin ruwa zuwa Jidda da bizar Umra, ban koma ba. Yanzu ina gashi a bayan wani gidan abinci a unguwar Kurayyat, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mini. In na tashi aiki ba na iya zama a ɗaki, sai in yi ta tafiya. Nakan tsaya in dubi manyan gine-ginen nan masu gilashi, in ce ko a cikin wannan masu sa hannun suka zauna. Ban san wanne ba ne. Na tambayi mutane, su ma ba su sani ba.

Zainabu a waya na ce mata mun fitar da Inna, ban ƙara komai ba. Ranar da na iso gidanta a unguwar Madain Fahd ta kawo mini shayi ta zauna. Ta ce in an gama yaƙi za ta je ziyara, in gaya mata, dama da Baba muka sa ta ko hagu. Na gaya mata duka, tun daga bindigar. Ba ta yi kuka ba. Sai ta tambaye ni ko da nisa tsakanin gidan burodin da maƙabarta.

Na ce mata saura tafiyar minti biyar.