Man Ayun Teku

Duk wanda ya zauna a gidan ma'aikata na bayan garejin tireloli a unguwar Sulay ya san Hashimu. Ko bai san fuskarsa ba, ya san ƙarninsa. Mutumin Yawuri ne, ɗan Sarkawa, a bakin kogi aka yanke masa cibi, amma abincinsa sai Allah ya ajiye shi a Riyad, garin rairayi da kwalta. Ya daɗe yana jan motar kaya. Da ido ya fara gazawa, kafilinsa, wato mai riƙe da takardar zamansa, ya miƙa shi ga wata cibiyar binciken teku da ta kama sito a unguwar. Aikin da aka ba shi wankin ƙashi ne.

Ƙashin wata dabbar teku ce, Larabawa na ce mata hut. Ruwa ne ya turo gawarta gaɓa, can Bahar Maliya, igiyar koma ta nannaɗe mata wutsiya. Aka binne ta a rairayi har nama ya zagwanye, sannan aka tono ƙasusuwan aka kawo a tirela. Haƙarƙari ɗaya ya fi Hashimu tsawo. Ana so a harhaɗa su a tsayar, 'yan makaranta su riƙa zuwa gani.

To, ƙashin hut ba ya rabo da mai. Hashimu zai jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu, ya kwashe man da ya taso ya zuba a durom, ya goge da buroshi, ya shanya. Bayan kwana biyu ƙashi ya sake yin gumi, ya koma rawaya. Sai a koma farko. Haka yake yi tun bara, bayansa ya sage, tafin hannunsa ya yi fari kamar na mai wankau.

Mai kula da aikin, Daktora Surayya, rabin wata tana bakin teku. Suna bin hut masu rai a jirgi suna ɗaukar hotonsu, suna lallashin masunta kan inda za su daina shimfiɗa koma. In ta dawo sai ta ɗebi man a 'yan kwalabe ta tafi aunawa. Ita ta faɗa masa cewa hut ba kifi ba ce, iska take shaƙa, kuma nono take ba ɗanta.

"Ashe ayu ne," in ji Hashimu a ransa. Ubansa da mashi ya yi farautar ayu, yana sayar da mansa don magani. Yau a kogin nasu sai a shekara ba a ga ko hancinsa ba.

Kuskurensa ɗaya, ya maimaita wannan magana a ɗaki.

Daman 'yan ɗakin sun daina cin abinci da shi. Ghali, wani matashi mai walda, in ya hango shi sai ya toshe hanci ya ce, "Baba Hashimu, yau ma daga cikin kifin aka amayo ka?" Mutum ɗaya ne bai guje shi ba, Idrisu mai ɗaurin tayil, tsaransa. Kullum bayan la'asar su biyu suke hawa saman bene, su zauna a inuwar tankin ruwa, su sa hannu a faranti ɗaya. Duk Riyad, wannan farantin ne gidan Hashimu.

Durƙuso a kan siminti ya gama da gwiwoyin Idrisu, a zaune yake salla. Da ya ji an ambaci ayu sai ya ajiye loma.

"Basarke, kana zaune kan durom ɗin man ayun teku, ni ina jan gwiwa kamar tsohon raƙumi? Ɗebo min ko a murfin kwalba."

"Malam Idi, ba irin wanda ka sani ba ne. Daktora ta ce duk dattin da jirage ke zubarwa a teku, a man nan yake taruwa. Ga maganin wanki a ciki. Kuma ta hana."

"Ta hana! Ita ta san ayu? Kakanta ya taɓa riƙe mashi?"

"Amana ce, Idi."

"To. Allah ya bar ka da amanarka."

Washegari Hashimu ya hau bene da kabsa, shinkafar Larabawa, a leda. Ya jira har inuwar tanki ta kai bango. Idrisu yana ƙasa, yana ci da su Ghali. Haka aka yi ta yi. Hashimu ya kan tsaya gaban durom da ludayi a hannu, ya tuna yadda Idrisu ke cije leɓe in zai miƙe, sannan ya mayar da murfi ya ɗaure. Abinci ya daina yi masa daɗi, ya koma shayi da gurasa a bakin sito.

Ran Alhamis ya kan kawo rigar aikinsa gida don wanki, ta sha mai har ta yi nauyi. Wata safiyar Juma'a ya duba bokiti, babu riga. Sai ga Ghali yana jan katifa zuwa waje, ya naɗe hanci da rawani.

"Baba Hashimu, zo ka ɗauki ɗan'uwanka! Da ɗaya ne muna haƙuri, yanzu kun zama biyu!"

Idrisu na zaune a bakin gado. Ya yage rigar gida biyu, ya ɗaure kowace gwiwa ya kwana da ita. Fatar ta yi jawur, ƙuraje sun feso, yana susa yana kallon ƙasa.

Hashimu ya ajiye bokiti. Ya dafa ruwa, ya surka, ya kama abokinsa suka hau bene a hankali, mataki-mataki. Ya durƙusa, bayansa na ƙara, ya shiga wanke gwiwoyin da sabulu, ya ɗauraye, ya sake wankewa, kamar yadda ya saba.

"Gobe sai ka je asibiti," ya ce.

"Na ji." Idrisu ya shinshina hannunsa, ya yamutsa fuska. "Basarke, wannan abin yana fita kuwa?"

"Na ƙashin ma tun bara nake yi."

"Kai, wannan dabba ta sha wahala. Mu ma ga shi ta raba mana."

Bayan an sauko daga masallaci, Ghali ya hauro da farantin shinkafa, ya dire shi daga nesa, ya tura da ƙafa, ya gudu. Idrisu ya jawo shi tsakiya, ya tura wa Hashimu ɓangaren da ya fi nama.

"Sa hannu mana. Ko shi ma Daktora ta hana?"

Hashimu ya gyara zama a inuwar tanki, ya yi bismilla.