Lokacin da Baba Ya Daina Ganin Baƙi

Na ga abubuwa da yawa a harkar dillancin hatsi, amma akwai guda ɗaya da ba zai bar raina ba har in koma ga Allah. Saura kwana ɗaya tak karambanina ya sa a soka wa wani dattijo tsinke a ido.

Dattijon tsohon maigidana ne, a Bungudu yake zaune, kowa Baba yake ce masa. Shi ya koya min damƙar wake in gane na bana ne ko na bara tun ina ɗaukar masa buhu. Da girma ya kama shi ya bar kasuwa, sai karatu ya zama aikinsa. Idonsa ya yi rauni, rubutun Alƙur'aninsa na takarda ya yi masa ƙanƙanta, don haka 'yarsa da ke aure a Magami ta saya masa waya mai faɗin fuska. Ta buɗe masa wani shafi a burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, inda aka ɗora Alƙur'ani rubutun hannu irin wanda ya tashi da shi: baƙaƙe da tawada, wasulla da ja. Da yatsa biyu yake ƙara musu girma. Kullum sai ya karanta izu biyu, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa wayar nan babu alwala.

Wata rana na biya ta wajensa, muka yi Azahar tare, ya yi min ƙorafin hasken wayar yana sa shi hawaye. A makon na ga wani bidiyo da ke nuna wata ɓoyayyiyar ƙofa a burauza, wurin saitin gwaji, inda ake tilasta wa kowane shafi ya koma duhu don ido ya huta. Da Baba ya shiga ciki ya ce a kawo fura, na ɗauki wayar na shiga wurin. Akwai gargaɗi da Turanci a sama, na tsallake shi. Na kunna na duhun, na ƙara wasu biyu da ban san aikinsu ba, don kawai suna kusa da shi. Ban ga abin da ya canza ba. Na ce a raina abin bai yi ba, na ajiye waya, na sha fura na koma Gusau, ban ce masa komai ba. Ashe sai an rufe manhajar an sake buɗewa yake kamawa.

Bayan kwanaki na kira 'yarsa ban samu ba, sai na rubuta mata cewa zan je gaida Baba. Ta amsa a rubuce: "Baba ya ce kwanan nan ba ya ganin baƙi."

Raina ya sosu. Ni ne yau na zama baƙo a gidan nan? Na yi fushi irin na banza, na yi mako biyu ban leƙa ba. Ko kaɗan bai zo min a rai ba cewa baƙin karatu take nufi. Da a baki ta faɗa, muryarta za ta raba min su, amma a rubuce baƙin gida da baƙin allo duk abu ɗaya ne.

Hajiya, matarsa, ita ta kira ni ina tsakiyar awo. "Alhaji, ka yar da ubanka ke nan? Gobe za a kai shi Tsafe, wurin mai tsinken nan da ke ture yanar ido. Na yi magana har na gaji."

Na san irin aikin. Na san mutum biyu da suka je da ido mai gani dishi-dishi suka dawo ana ja musu sanda. Na bar awon na kama hanyar Bungudu.

Na same shi a zaure ya rame, carbi a hannu, waya a kife gefen buzu. Ya ce, "Ɗana, abin ya zo. Haka na yayana ya fara, daga ƙananan abubuwa. In na buɗe karatu duhu nike gani, baƙi ya koma fari-fari, wasulla sun ɓace, layi na rawa. Ina ganin mutane, ina ganin tuwo, amma wanga da ni fi so shi aka fara ɗauke min."

Bai nuna wa kowa wayar ba. Hajiya ba ta karatu, 'yarsa kuma a waya kawai ya gaya mata.

Na ce, "Baba, ina da alwala. Miƙo in gani."

Na karɓa na buɗe. Shafin ya yi baƙi ƙirin, jan wasulla ya narke a ciki, hoton yana ƙyaftawa. Na ce, "Ni ma abin da kake gani nake gani."

"Kai ma naka ya taɓu?"

"Idonka lafiya lau, Baba. Wayar ce. Kuma ni na ɓata ta."

Ya tura min wayar ya ce in gyara. Na rasa hanyar da na bi na shiga saitin nan, sai na kira wata Madam mai shagon kwamfuta a Sabon Gari, maƙwabciyar rumfata, wadda ta fi ni iya Hausar ciniki. Na zayyana mata komai. Ta ce, "Alhaji, wurin da masu ƙera abin da kansu suka rubuta a yi hattara, nan ka shiga da takalmi? To saurara." Ta karanto min abin da zan rubuta a saman burauzar harafi bayan harafi, ta ce kada in tsaya neman waɗanda na kunna, akwai maɓalli guda a sama da ke mayar da duka yadda suke. Na danna. Ta ce in danna na ƙasa, manhajar ta rufe ta sake tashi.

Sai ga takarda fara tas, baƙi baƙi, ja ja. Na miƙa masa. Ya kai ta kusa da fuska, ya buɗe da yatsa biyu, leɓensa ya fara motsi. Ya karanta shafi guda a bayyane, Hajiya tana bayan ƙofa tana ta hamdala. Da ya kai aya ya ɗago ya share ido da hannun riga.

"To mi ya kai ka?"

"Na so idonka ya huta ne."

"Ai kuwa saura kaɗan ya huta gaba ɗaya," in ji shi. Ya yi dariya har da tari. "Tun kana ɗaukar buhu hannunka ba ya zama wuri ɗaya."

Washegari maimakon Tsafe, asibitin ido na kai shi a Gusau, aka duba shi aka canza masa tabarau. Ya ci gaba da izu biyunsa har ƙarshen rayuwarsa, Allah Ya jiƙansa.

Abin da na koya ba ya da yawa, amma na riƙe shi. Shiga saitin gwajin kuskure ne, sai dai gyaransa danna maɓalli biyu ne kawai. Shirun da na yi shi ne babban laifin. Da na ce masa "Baba, na taɓa wani abu a wayarka," da ranar da ta yi duhu ni zai zarga, ba idonsa ba. Tun daga nan in na sa hannu a kayan mutum, ko don alheri ne, sai na gaya masa kafin in tashi daga wurin.