Rigar Amaryar Da Ta Ƙi Shiga Kai

Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kai ni Tamanrasset inda maigidana ke da shagon takalma a kasuwa. A lokacin ina da 'ya'ya biyu da girman kan da ya fi na mutum goma. Tun ina lekkol, wato makarantar boko, Allah ya ba ni hannun zane. In na ga riga a jikin mace, kafin ta kai ƙarshen titi na zana wadda ta fi ta kyau. Sai dai ko zare ban iya zurawa a allura ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba, don a ganina ɗinki aikin ƙarfi ne, basira tana wajen mai zane.

Maƙwabciyata wata bazawara ce daga Maraɗi, mai keken ɗinki, ba ta da yawan magana. Na girme ta, Yaya take ce mini. Wata rana ta ga littafin zanena ta roƙi in bari ta gwada ɗinka guda. Rigar ta fito kamar a sace. Daga nan muka haɗa kai, ni zane ita ɗinki, har shekara uku. Matan 'yan kasuwa suka yi ta zuwa, har da Buzaye da Larabawa. To amma ɗakinta suke zuwa, ita ke auna su, ita suke gani. A gidan biki ina zaune za a ce kai, hannun wance akwai albarka, ita kuma sai ta sunkuyar da kai ta ce zanen Yaya ne. Ba mai waiwayowa ya dube ni. Har tawali'un nata ya koma ba ni haushi, na riƙa cewa a raina munafunci ne.

Ana haka wata Hajiya Buzuwa ta zo neman rigar auren ɗiyarta, za a yi bikin a Idlès, can cikin duwatsu, wajen dangin ango. Ta tarar maƙwabciyata ta fita, ni ta samu. Nan shaiɗan ya buga mini ganga. Na ce mata ai telar tawa aiki ya yi mata yawa, ta ba ni shaddar kawai. Na zana rigar da ban taɓa zana irinta ba, mai dogon wuya da ya kama maƙogwaro, na kai wa wani tela a kasuwa wanda bai san ni ba. Ya duba ya tambaye ni ina bayan rigar, kuma ta ina za a shiga. Na ce masa ba shawara na zo nema ba, ya ɗinka abin da ya gani. Ya ce a kawo amarya a gwada, na hana, don kada labari ya kai unguwarmu kafin ranar.

Na bi 'yan biki muka sha hanya mai gargada, rigar tana kan cinyata. Da hantsi aka gama yi wa amarya kitso, aka ce a kawo riga. Ta ƙi wuce kanta. Aka ja, aka murɗa, kitson ya fara warwarewa, yarinya ta fashe da kuka. Garin babu tela kusa. Wata tsohuwa ta sa reza ta tsaga bayan, shaddar ta yage har ƙugu. A tsohuwar rigar yayarta aka kai ta ɗakin miji. Hajiya ba ta zage ni ba, tambayata kawai ta yi ko da gaske ne telar tawa ba ta da lokaci.

Kafin mu dawo labari ya riga mu. Na shiga wajen maƙwabciyata ina shirin faɗa, don mai laifi ba ya rasa ƙorafi. Sai ta ɗaga katifa ta fiddo takardu tuli. Zanen da ta yi na bayan kowace rigar da na taɓa zanawa ne, da wurin zif, da inda ta ƙara faɗi don mace ta iya ɗaga hannu. Ashe duk shekarun nan gaba kaɗai nake zanawa.

Ta ce, “Yaya, ban faɗa miki ba ne don kada ranki ya ɓaci.”

Bayan wata biyu ta ɗaure kekenta ta koma Maraɗi, ta yi sallama da kowa a unguwa har da ni. Na ji an ce yanzu tana da shago da 'yan koyo. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da na ji sai da hassada ta taso mini, na yi ta istigfari.

Shawarata ga mata 'yan'uwana masu zane da ba su iya ɗinki ba, ku zauna kusa da telarku ku ga abin da take yi wa zanenku, kuma kada ku bar riga ta fita ba a gwada ba. In an yabe ta, ku danne zuciya ku ce amin. Ni na nemi a ambaci sunana ni kaɗai, kuma an ambata. Har yau a Idlès in riga ta matse wa mace, ni ake tunawa.