Layin da Na Tsaya

Kwarin da ke bayan gidana a Herwagana, lokacin da aka kawo ni amarya tsallake shi nake yi da ƙwaryar nono a ka. Yau in akuya ta faɗa ciki sai an nemo igiya. Kowace damina yana ɗaukar rabonsa. Ya ci mangwaron maƙwabta, ya ci turken da maigidana, Allah ya jiƙansa, yake ɗaure tumaki, ya zo ya tsaya taku huɗu daga bangon banɗakina yana jira. Shi ya jefa ni cikin zancen kansila, ni da ban san komai a siyasa ba sai dangwala yatsa.

Maƙwabciyata 'yar Tangale ce, mai zuwa coci. Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ni na riƙe ta ranar da ta haifi ɗanta na biyu. Yaron ya girma ya zama mai walda. Duk shekara kafin ruwa ya sauka shi ke tara samari su cika buhuna da yashi su jera a bakin kwarin. Ba ya hana shi ci, amma yana rage masa loma. Wata safiya suka shigo shi da uwarsa, ya durƙusa ya ce, "Inna, zan nemi kansila. In na samu, kwarin nan zan fara kaiwa gaba."

Na ce, "Ka samu yatsana." A gaban uwarsa na faɗa. Ni kuwa duk unguwa an sani, ban taɓa yin amai na lashe ba.

Bayan sati uku ƙanena ya zo daga Tumfure. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, mu biyu muka rage. Innarmu ta rasu a ruga yana rarrafe, ni na goya shi har bayana ya yi kanta, ni na tauna masa abinci na sa masa a baki. Ya yi furfura, ya je Makka, ya gina gida mai bene, amma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Adda, yadda muke kiran babbar yaya a ruga. Ya zauna a bakin tabarmata ya ce, "Adda, ɗanki zai fito kansila."

Babban ɗansa yake nufi, mai shagon kayan babur a nan mazaɓarmu. Yaro ne mai ladabi, ba ya tsallake sallah bai kawo mini atamfa ba. Na taɓa yi masa zancen kwari, ya yi dariya ya ce, "Goggo, kwarin nan ya fi ƙarfin kansila. Ki bar musu shi ki dawo Tumfure." Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta ɓata mini rai.

A nan ya kamata in buɗe baki in ce wa ƙanena na riga na ba wani magana. Da ya yi fushi na kwana biyu ya huce. Amma na dubi fuskarsa tana walwala, sai na ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Ya ce amin da ƙarfi, ya ɗauka na amsa. Ni kuma a raina na ce, ai a lungu ake dangwalawa, yatsa kuma ba ya magana. Wayon tsohuwa ke nan.

Sai aka yi shela cewa jam'iyya ba za ta buga takarda don fitar da ɗan takara ba. Za a tambayi jama'a kai tsaye. Layi za a yi a filin firamare, kowa ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga.

Na so in kwanta in ce ƙafa. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga da sassafe, ta riga ta ɗaura ɗankwalin zuwa cocinta, ta ce, "Tsohuwa, ko sai an kawo miki keke? Ke da kika ce kin taka daga ruga zuwa kasuwa da ciki wata tara?"

Na ce, "Rufe mini baki, mai ƙafar agwagwa. Ina zuwa."

Filin ya cika. An kafa sanda biyu, kowace da hoto a manne, mazan a gefe guda, mu mata a gefe guda. Ƙanena yana ƙarƙashin darbejiya cikin farar riga, an ba shi kujera. Da ya hango ni ya miƙe tsaye. Matarsa da 'ya'yansa mata suna gaban layinsu, suka matsa suka buɗe mini wuri a can gaba, daf da sanda, inda ake sa babba. Ƙaramarsu tana ɗaga hannu, "Goggo, nan! Nan!"

Tsakanin layin nan biyu bai fi faɗin tabarma uku ba. Na tsaya a tsakiya ina gyara mayafi kamar shi ne damuwata. Maƙwabciyata ba ta kira ni ba, ba ta ko dube ni ba, ta kafe idonta a ƙeyar wadda ke gabanta. Da ta kira ni, wataƙila da na sami abin yin fushi na juya. Shirun nan nata shi ya ja ni. Na tafi na tsaya a bayanta.

Na ji wata daga can layin ta ce, "La ilaha! Ta bar jininta ta bi ɗan coci." Wata ta ce, "Tsufa ne." Ban juya ba. Amma ta wutsiyar ido na ga ƙanena ya koma ya zauna a hankali, ya cire hularsa ya dubi cikinta, ya mayar.

Mai ƙirga ya zo yana taɓa kafaɗunmu da biro. Ni ban yi boko ba, amma tun ina yarinya nake duban garke in san saniya nawa ba ta dawo ba. Layinmu ya fi nasu, na mata da na maza. Mutumin ya rubuta a takarda, ya naɗe, ya ce daga ofis za a faɗi sakamako. Ya shiga mota. Samari suka bi motar da ihu har bakin titi.

Kwana uku shiru. A na huɗu aka ce manya sun zauna sun yi masalaha, don kada unguwa ta rabu. An ba wani mutum na uku. Ba a kafa masa sanda a filin ba, ba wanda ya tsaya a bayansa, ni ban taɓa jin sunansa ba. Mai walda ya koma walda. Ɗan ƙanena ya koma shago.

Ranar zaɓen kanta ma na fita, don kada a ce tsoro ya hana ni. Muka zauna a inuwar aji tun hantsi, muka yi azahar a nan, akwati bai zo ba. Ina hanyar gida, yatsana fari tas, na ji rediyon mai shayi yana karanta sakamako, har da na mazaɓarmu. Mai shayin ya ce, "Hajiya, ashe kin yi zaɓe ba ki sani ba." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Sati biyu ƙanena bai zo ba, bai aiko ba. Na dama fura da hannuna, irin mai yaji da yake so, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Tumfure. Hanyar da nisa, gonaki da sababbin gine-gine, duk tsawonta ina shirya kalma biyu a bakina: ka yafe.

Ba a kore ni ba. Da ma korar aka yi. Matarsa ta wuce da ni ɗakin baƙi, ni da nake shiga har uwar ɗaka in buɗe tukunya. Aka kawo ruwa a kofin gilashi bisa faranti. Ya shigo ya zauna nesa, ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Ya hanya?"

Hajiya. Kalma biyun da na shirya suka ƙi fita. Ni na goya shi, ni zan durƙusa masa? Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To ai ko da na tsaya bayan ɗanka, ba shi za a ba ba. Ka ga dai yadda aka yi."

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar furar. Ya ce, "Na gani. Tsayuwar da ba ta ba kowa komai ba, ita ce kika hana ni. Kuma a tabarmarki na zauna, ba ki faɗa mini ba."

Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da keke, ya ce a gaida gida.

Na ce a raina zai huce, in ya zo gaisuwar sallah zan faɗa masa. Sallah ta zo, atamfa ta zo a hannun ɗansa, shi bai zo ba. Na ce to, babbar sallah. Ruwan farko na daminar nan ya tafi da buhunan yashi, na uku ya tafi da banɗakina. Ana cikin wannan aka aiko cewa ƙanena ya faɗi a masallaci bayan la'asar. Kafin keke ya kai ni Tumfure an rufe masa fuska.

A zaman makoki na zauna inda aka nuna mini. Maƙwabciyata ta zo ta zauna kusa da ni kwana uku, tana kore mini ƙuda. Rana ta biyu aka yi ta matsawa, wai kansila ya zo gaisuwa. A ranar na fara ganin fuskarsa. Ya leƙo wajen mata, ya yi addu'a mai kyau, ya ce yana godiya da goyon bayan da iyaye mata suka ba shi. Ya nuna ni ya tambayi ɗan ƙanena, "Wannan fa?"

Yaron ya ce, "Goggona ce."

Gaskiya ne. Ni goggon wasu ce, innar wasu, hajiyar mai shayi. Wanda zai ce Adda, ƙanena ne kaɗai, kuma tun ranar layi ban sake ji ba.