Mai Ɗaukar Turakun Kilvarna

Malachy Durkan bai taɓa buga ƙwallo ba, amma da aka kafa ƙungiyar ƙauyen Kilvarna a 1953, sunansa aka fara rubutawa, don shi kaɗai ne mai jaki da amalanke. Sana'arsa kwasar ciyawar teku yana kai wa manoma taki.

Ƙauyen duk dutse ne da fadama, ba wani fili shimfiɗaɗɗe sai rairayin bakin teku, shi ma sai ruwa ya janye. Nan aka mayar filin wasa. Malachy ke kafa turakun raga, kuma shi ke tumɓuke su kafin teku ta dawo, ko an tashi ko ba a tashi ba.

Wasa goma sha ɗaya suka yi a gida, huɗu kawai aka kai ƙarshe. Wata Lahadi alƙalin wasa, baƙo daga birni, ya ga Malachy yana girgiza turke ana tsakiyar wasa.

"Bawan Allah, saura minti ashirin fa."

"To, yallaɓai, ga tekun can, je ka hura mata usur."

Ranar ce suka ci wasansu ɗaya tak. Golan baƙi bai iya ruwa ba, da ya ji sanyi a gwiwa ya kama hanyar tudu, igiyar ruwa ta ɗauki ƙwallo a hankali ta shigar da ita raga. Malachy na rungume da turken, ya jira har ta wuce sannan ya cire. Hukumar gasa ta zauna sau biyu, ta soke cin, wai wanda ya zura ba shi da rajista.

A kakar wasa ta biyu 'yan wasa tara suka hau jirgi ɗaya zuwa Ingila neman aikin gini. Fada Tiernan, limamin coci, ya sanar da rushewar ƙungiya bayan huɗuba. Malachy ya yi kwana uku ba ya magana da kowa sai jaki.

Bayan shekara shida wata mota ta tsaya a ƙofar gidansa, maza goma sha huɗu suka sauko da takalman ƙwallo a wuya. Wai an ɗage wasansu da Kilvarna, ba a sa rana ba, sun gaji da jira.

Matarsa Nuala ta leƙo ta ƙirga su.

"Malachy, ka gaya musu ko in gaya musu?"

"Bari su ci abinci tukuna, sun sha hanya."

Ta dafa dankali da kabeji, suka cinye har da burodin gobe. Da ya faɗa musu ƙungiya ta daɗe da rushewa, kyaftin ɗinsu ya ce to a ba su shaidar sun zo. Malachy ya rubuta a bayan ambulan cewa sun ci biyu da nema. Kyaftin ya duba, ya roƙa a mayar uku, ya mayar.